Ta ina ake fara ƙidayar itatuwan birni?

"Malam, ina aiki a sashen kula da lambuna da wuraren shaƙatawa na hukumar birninmu. Bara iska ta kayar da wata babbar bishiya a kan mota, Allah ya kiyaye ba a yi asarar rai ba. Daga nan aka ce mu kawo adadin itatuwan da ke hannunmu da halin da suke ciki, sai muka tarar ba wanda ya sani. Yanzu ni aka ɗora wa alhakin ƙidayarsu. Ta ina zan fara, me zan riƙa rubutawa, kuma shin dole ne sai mun bi su ɗaya bayan ɗaya?"

Malam, Allah ya ƙara kiyayewa, ya kuma taya ka riƙo. Idan na fahimce ka, adadi aka ce ka kawo. To amma abin da ya faɗo wa motar nan bishiya ɗaya ce, mai wurin tsayuwarta, mai irinta, mai ciwon da wataƙila ya daɗe yana nuna kansa ba wanda ya ɗaga kai ya duba. Ko da a ce ranar kuna da adadin duk itatuwan birnin a rubuce, da bai hana ta faɗuwa ba. Abin da zai iya hanawa shi ne rajista, inda kowace bishiya take da layinta kamar yadda majinyaci yake da katinsa a asibiti: ina take, wace iri ce, yaya girmanta, me ke damunta, me aka yi mata, yaushe za a sake duba ta. Wannan rajista ita muke nufi da ƙidayar itatuwan birni. Jimillar da shugabanninka ke nema za ta fito da kanta a ƙasan shafi.

Aikin ba baƙo ba ne a duniya. Birnin Niyok na Amurka ya ƙirga itatuwan gefen titunansa a 1995, ya sake a 2005, ya kuma sake a 2015, inda aka samu 666,134, kuma 'yan sa-kai sama da 2,000 suka taya ma'aikata. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma, a shirinta na karrama biranen da ke kula da itatuwansu, ta sa sanin abin da birni ya mallaka cikin sharuɗɗa biyar da sai an cika su.

Fara da sanin naka

Kafin ka sayi tef ɗin awo ko ɗaya, zauna da taswirar birnin da kuma wanda ya san dokar filaye, ku yanke waɗanne itatuwa ne naku. Na gefen titi da na tsakiyar titi da na lambunan jama'a ba su cika jawo gardama ba. Matsalar tana wajen na makarantu, asibitoci, maƙabartu, tashoshin mota da manyan hanyoyin da wata hukuma dabam ke riƙe da su. Sai kuma bishiyar da gindinta ke kan iyaka, rabi cikin shingen mai gida rabi a waje. Ku tsayar da ƙa'ida ɗaya ku rubuta ta, misali inda tsakiyar gindin ya faɗa nan ne mai ita. Ku kuma yanke mafi ƙanƙantar abin da za a kira bishiya, don kada wani ya ƙirga furannin shinge wani ya tsallake su. Na sha ganin ƙidaya ta wargaje saboda wannan kaɗai: rukuni biyu sun yi wata guda suna aiki, kowa da abin da ya ɗauka bishiya, aka zo haɗawa lissafi ya ƙi haɗuwa.

Dole ne a bi su ɗaya bayan ɗaya?

Ya danganta da tambayar da kake son amsawa. Idan abin da ake so shi ne a san kashi nawa na birnin ke ƙarƙashin inuwa, ko ƙafa ba sai ka fitar ba. Akwai manhajojin i-Tree, waɗanda Hukumar Gandun Daji ta Amurka da abokan aikinta suka fitar tun 2006, kuma kyauta ne. Ɗaya daga cikinsu tana watsa ɗigo barkatai a kan hoton birnin da aka ɗauka daga sama, kai kuma kana cewa wannan ɗigo kan bishiya ya faɗa, wannan kan rufi, wannan kan kwalta. Ɗigo 500 zuwa 1,000 sun isa su ba ka ƙiyasi mai kyau, aikin kwana ɗaya ko biyu ne. Sai dai hoton sama ba ya gaya maka ko inuwar nan ta hukuma ce ko ta cikin gidan wani, ba ya kuma ganin ruɓa.

Hanya ta biyu ita ce ɗiban samfuri. Ana zaɓar wurare ta hanyar ƙuri'a, a kowane wuri a zana da'ira mai nisan mita 11.3 daga tsakiya zuwa baki, wato kimanin hekta 0.04, a auna duk bishiyar da ke ciki. Da irin waɗannan da'irori wajen 200 ana iya ƙiyasta yawan itatuwan birni da nau'o'insu da girmansu, da kuskuren da ya kai kusan kashi 10 cikin 100 ko ɗan sama da haka. Wannan yana da amfani wajen tsara kasafi da shawo kan masu riƙe da kuɗi. Amma samfuri zai ce maka kaso kaza na itatuwanka na da ruɓa, ba zai nuna maka wacce ce za ka tura mai zarto gare ta ba.

Tunda abin da ya tayar da maganar faɗuwar bishiya ne, amsata gare ka ita ce e, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, amma ba lallai a lokaci guda ba. Raba birnin shiyya-shiyya. Fara da inda mutane suka fi cunkosuwa a ƙarƙashin manyan itatuwa: manyan tituna, ƙofofin makarantu, tashoshi, wuraren wasan yara. Ƙaramin lungun da ba mai bi zai iya jiran baɗi. Gara shiyya ɗaya da aka kammala aka fara aiki da bayananta, da birni guda da aka yi wa shafar mai.

Abin da za a rubuta

Nan ne mafi yawan masu farawa ke yin kure, saboda zumuɗi. Sai ka ga takarda mai gurbi talatin: tsawon bishiya, faɗin rassa ta gabas da yamma, launin ganye, irin ƙasa, har da ko akwai sheƙar tsuntsu. Duk gurbin da ka ƙara, ka ƙara daƙiƙoƙi a kan kowace bishiya, sau dubbai, kuma ka ƙara abin da sai an sabunta shi nan gaba. Ni abin da nake yi shi ne in tambayi kaina a kan kowane gurbi: wane hukunci zan yanke da wannan bayani? In ban samu amsa ba, sai in soke shi. Abin da kan saura bai wuce lambar bishiya, wurinta, nau'inta, kaurin gindinta, lafiyarta, aikin da take buƙata da gaggawarsa, abin da ke kusa da ita kamar wayar wuta ko magudanar ruwa ko katanga, hoto ɗaya, ranar dubawa da sunan mai dubawa.

Kaurin gindi shi ne awon da ya fi kowane daraja, domin daga gare shi ake hasashen girma da tsufa da tsadar aiki. Ana ɗaukarsa daidai ƙirji, mita 1.3 daga ƙasa. A Amurka ƙafa 4.5 suke amfani da shi, wato mita 1.37. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Dabarar da nake koya wa sababbin ma'aikata ita ce kowa ya yanki sanda mai tsawon mita 1.3 ya riƙa jingina ta da bishiyar, saboda ƙirjin dogo da na gajere ba ɗaya ba ne. A zagaya tef ɗin a miƙe, a ja shi ya kwanta a kan ɓawo, a duba bayan bishiyar ko ya saƙale a kan wani kututturen reshe. Idan tef ɗin tela ne ba na gandun daji ba, kewaye zai ba ka, sai ka raba da 3.14: kewayen santimita 157 na nufin kaurin santimita 50. A kan gangare, ta ɓangaren tudu ake tsayawa a auna. Idan gindin ya rabu biyu kafin ya kai mita 1.3, a auna kowane dabam. Idan akwai kumburi daidai wurin, a ɗan matsa sama ko ƙasa a rubuta inda aka auna, don wanda zai dawo bayan shekara biyar ya auna wuri guda.

Batun wuri kuwa, kada ka dogara da GPS na wayar hannu kaɗai. A fili ma yakan kauce da 'yan mitoci, a ƙarƙashin ganye ko tsakanin dogayen gine-gine kuma abin ya fi haka, alhali itatuwan titi kan kasance kusa da juna. Sai ka ga alamar bishiya ta faɗa tsakiyar kwalta ko kan rufin wani. Maganinsa a buɗe hoton sama a cikin wayar a gyara ɗigon da yatsa, a kuma rubuta sunan titi da ɓangaren da take, a riƙa bin lamba a jere daga wannan mahaɗa zuwa waccan. Manhajojin cike fom irin su KoboToolbox da ODK suna aiki ko babu intanet, manhajar QGIS kuma tana zana taswirar, duk ba sai ka biya lasisi ba. Allunan lamba da ake kafawa da ƙusa suna taimakawa a lambu, amma a bar wa ƙusar sarari. Na taɓa tsayawa gaban wata bishiya ina neman lambarta, sai can na hango gefen ƙarfen kaɗai yana leƙowa, ɓawo ya haɗiye sauran.

Wani abu da nake roƙonka kada ka manta: ƙirga guraben da babu komai a ciki. Ramin da aka taɓa dasa bishiya ta mutu, kututturen da aka bari, gefen titin da ke da sarari amma ba inuwa. Waɗannan su ne jerin dashenka na damina mai zuwa, kuma tunda ƙafarka na wurin, rubuta su ba zai ci maka lokaci ba.

Lafiya dabam, haɗari dabam

Mutane kan haɗa su, alhali ba ɗaya ba ne. Bishiya na iya zama kore shar, ganye ya cika, amma an datse mata manyan saiwoyi lokacin haƙa magudanar ruwa, tana tsaye ne kawai kafin iska ta zo. Wata kuma ta bushe ƙaƙas a ƙarshen fili inda ko ta faɗi ba abin da za ta samu. Ƙungiyar masana kula da itatuwa ta duniya, ISA, tana auna haɗari da abu uku a haɗe: yiwuwar bishiyar ko reshenta ya karye, yiwuwar ya samu mutum ko dukiya, da munin abin da zai biyo baya.

Idan na iso gindin bishiya, ƙasa nake fara kallo kafin sama. Ina duba ko ƙasar ta tsage ko ta ɗago a ɓangaren da ke kishiyar inda bishiyar ta karkata, ko akwai sabon siminti ko sabon rami kusa da gindi, ko naman kaza ya fito a jikin saiwa, ko gara ta yi hanya. Daga nan in zagaya ta gaba ɗaya, domin sau da yawa ciwon yana bayan da ba ya kallon titi. In ƙwanƙwasa gindin da guduma ta roba: lafiyayyen itace amonsa a dunƙule yake, mai kogo kuwa sai ka ji kamar ganga. Sai in ja da baya in ɗaga kai: busassun rassa, reshen da ya karye ya rataye, tsaga a inda manyan rassa biyu suka haɗu a matse, da wuraren da aka taɓa guntule kan bishiyar ta fitar da tohon da bai kama jiki sosai ba. Wannan guntulewar, wadda ake yi da sunan rage haɗari, tana cikin manyan abubuwan da ke haifar da shi bayan 'yan shekaru, kuma raina na ɓaci duk lokacin da na ga an yi wa titi guda haka.

Matakan lafiya kada su wuce huɗu: mai kyau, matsakaiciya, maras kyau, matacciya. Ka ɗauki hoton misalin kowanne ka raba wa ma'aikata. 'Yan sa-kai da ɗalibai za su iya awo da gano nau'i idan an horar da su, amma hukuncin a sare ko a bari na ƙwararre ne. Su dai su sa alamar "a zo a duba".

Abin da rajistar za ta faɗa maka

Ranar da ka jera bayanan, abu na farko da zai ba ka mamaki shi ne yadda nau'i ɗaya ko biyu suka mamaye komai. Haka yake a birane da yawa, domin abin da ke saurin girma kuma yake da sauƙin samu a wurin renon dashe shi ake ta dasawa. Haɗarin hakan an gan shi da ido. Cutar da ta kama itacen elm ta kashe sama da miliyan 25 a Birtaniya daga ƙarshen shekarun 1960, wani ƙwaro kuma da aka gano kusa da birnin Ditroit na Amurka a 2002 ya hallaka miliyoyin itacen ash a nahiyar Amurka ta Arewa, har aka wayi gari tituna sukutum ba inuwa. Shi ya sa wani masanin itatuwa na Amurka mai suna Frank Santamour ya ba da shawara a 1990 cewa kada nau'i ɗaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na itatuwan birni, 'yan ɗaki ɗaya kada su wuce kashi 20, dangi ɗaya kuma kada ya wuce kashi 30. Don ka gane bambancin: ceɗiya, durumi, gamji da ɓaure nau'i huɗu ne amma 'yan ɗaki ɗaya, darbejiya da maɗaci kuwa ɗakinsu dabam, danginsu ɗaya. Birnin Melbon na Ostiraliya ya ma tsaurara, ya sa wa kansa 5, 10 da 20 a tsarinsa na 2012. Ni ban ɗauki waɗannan lambobi a matsayin doka ba. A wuri mai tsananin zafi da ƙarancin ruwa, nau'o'in da za su jure rayuwar gefen kwalta ba su da yawa, kuma ba hikima ba ce a sare lafiyayyar bishiya don lissafi ya daidaita. Amfaninsu shi ne su gaya maka abin da za ka daina dasawa.

Abu na biyu shi ne jerin kauri. Idan kusan duka manya ne, to birnin na cin gajiyar dashen magabata ne ba tare da ya tanadi magada ba, kuma za su tsufa kusan lokaci guda. Idan kuwa ƙanana ne birjik amma matsakaita sun yi ƙaranci, ma'anarsa ana dashe kowace shekara amma ba ya rayuwa, sai a koma a binciki ban ruwa da kariya maimakon a ƙara yawan dashe. Taswirar kuma za ta nuna maka unguwannin da ke da inuwa da waɗanda rana ke gasawa, kuma sau da yawa na biyun su ne masu cunkoso.

Inda ƙidaya ke mutuwa

An taɓa kira na in taimaka wa wata hukuma ta fara ƙidaya. Muna cikin tattaunawa sai wani dattijon ma'aikaci ya tashi ya buɗe kabad, ya ciro manyan kundaye masu bangon kwali, ƙura ta rufe su. Ashe an taɓa yi. Rubutun hannu ne mai tsabta, kowace bishiya da lambarta da awonta, aikin da mutane suka sha rana a kansa. Muka ɗauki kundi ɗaya muka fita titin da ke shafin farko. Wasu lambobin kututture muka tarar, wasu an faɗaɗa hanya ta bi ta kansu, ga kuma sababbin itatuwa da suka fi mutum tsawo waɗanda kundin bai san da su ba. Ba a ƙara ko layi ɗaya a ciki ba tun ranar da aka rufe shi.

Saboda haka, tun kafin a fara, ka nemi a rubuta sunan mutum ɗaya da rajistar ke wuyansa. Sannan a ɗaure ta da aikin yau da kullum: kada a ba da izinin sara, ko datse rassa, ko dashe, sai da lambar bishiya a kan takardar, kuma kada a ce aiki ya kammala sai an shigar da shi. Ƙorafin jama'a ma ya shiga ta nan. Idan ka raba birnin gida biyar kana sake duba kashi ɗaya kowace shekara, ba bayanin da zai haura shekara biyar, waɗanda aka sa wa alamar haɗari kuma a riƙa leƙa su kowace shekara da bayan kowace babbar iska. Ka kuma sani cewa da zarar ka rubuta bishiya na da haɗari, nauyi ya hau kan hukumarku. Don haka ka nemi a ware kuɗin aikin gaggawa tare da kuɗin ƙidayar, kada a tara jerin da ba za a iya taɓawa ba.

Akwai iyakar abin da wannan aiki zai iya. Ido da guduma ba sa ganin duk ruɓar ciki, saiwa kuwa a binne take. Tsohuwar bishiya mai daraja da ake shakka a kanta tana buƙatar na'urar auna ruɓa ko mai hawa ya duba ta daga sama. Iska mai ƙarfi na iya kayar da lafiyayya, don haka kada ka yi wa shugabanninka alkawarin ba za a sake faɗuwa ba. Ni kuma daga nesa nake ba ka shawara, tsawon lokaci da yawan ma'aikatan da za ka buƙata sai gwaji ya nuna.

Gwajin kuwa ga yadda zan so ka yi shi. Ɗauki mutum biyu, ɗaya na awo ɗaya na rubutu, ku koma titin da bishiyar nan ta faɗi. Idan kututturenta na nan, ku duba ko tsakiyarsa ruɓaɓɓe ne ko kuwa saiwoyin ne aka yanke, sannan ku bi 'yan'uwanta na wannan layi, domin galibi tare aka dasa su, kuma abin da ya same ta yana iya samunsu. Ku yi mako guda kuna lura da itatuwa nawa kuke gamawa a yini. Bayan nan ka sa wani dabam ya sake auna ɗaya cikin kowace goma ba tare da ya ga na farko ba, ku kwatanta. Gurbin da amsoshi suka fi saɓawa a gyara bayaninsa ko a cire shi. Adadin yini ɗaya da ka samu, da shi za ka lissafa kwanakin shiyya ta farko, shi ne kuma za ka kai wa shugabanninka tare da jerin itatuwan titin da ke buƙatar a zo musu da gaggawa.